Kafin a Ɗora wa Hali Laifi

Duk sanda zancen mutuwar aure ya taso a Facebook, sai a rabu gida biyu: wasu su ce matan yanzu ba su da haƙuri, wasu su ce mazan ne masu zafin kai. Sai ka ce jiya abin ya faɗo daga sama.

Kowa na tuna gangamin da zawarawa suka yi yunƙurin yi a Kano a 2009, da auren zawarawa ɗari na farko a 2012, da auren gata na 2023 da aka ɗaura har guda 1,800. Abin da ake tsallakewa shi ne shekarun 1970. Farin 1973 ya kori mutane daga ƙauye, kuɗin fetur ya ja su birni, gandu, wato zama da noma tare na babban gida, ya ƙara watsewa.

Kafin nan cikin jama'a amarya ke tarewa. Ba wai mutanen da sun fi mu sanyin hali ba ne. Akwai mafaɗaci, akwai miskila, akwai mai riƙo. Sai dai gida ya san halin kowa. In miji mai zuciya ne, wansa zai ja shi zaure ya zaunar da shi har ya huce, kafin bakinsa ya suɓuce da saki. In matar mai zurfin ciki ce, faccalarta za ta gane tun daga yadda take dire kwano. In ta yi yaji, ba a cewa aure ya mutu. Dattijo ake turawa biko, da goro a aljihu: "Malam, mun zo ban haƙuri, a yi mana aikin gafara." Ba a aika tuzuru ko gwauro, wai wanda bai riƙe nasa gidan ba ina zai gyara na wani. Bazawara kuwa ko a da ta fi budurwa baki, tana kafa sharaɗinta tun kafin a shafa fatiha.

Sai ga ciki da falo a gidan haya, a Kurna ko Rijiyar Lemo. Mutum biyu, ƙofa a rufe, maƙwabci bare ne. Mafaɗaci ba mai janye shi, mai shiru ba mai karanta shirunta. Yanzu a WhatsApp ake fara jifa da habaici, kafin waliyyi ya ji labari takarda ta riga shi isa gida.