"Mai ɗorewa": kalmar da ta cika harabar jami'o'inmu

Da wuya yanzu ka kunna rediyo ka kashe ba ka ji an ce "mai ɗorewa" ba. Ci gaba mai ɗorewa, noma mai ɗorewa, makamashi mai ɗorewa, har 'yan takara sun fara alkawarin kwalta mai ɗorewa. A jami'o'inmu na arewacin Kamaru, Ngaundare da Marwa da Garwa, kalmar ta zauna daram a bakin ɗalibai, tana jikin korayen riguna da allunan sanarwa. Duk wanda ya yi karatu da Faransanci ya san inda aka ɗauko ta: développement durable. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa 17 a shekarar 2015, ta sa musu wa'adin 2030, kowane mai neman tallafi ya gane cewa takardarsa ba ta wucewa sai ya yayyafa mata wannan kalma.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake cakuɗa ta da ƙarko. A Hausarmu ta yau da kullum, abu mai ɗorewa shi ne wanda ya daɗe bai lalace ba, kuma durable ɗin Faransanci ma haka take nufi a bakin ɗan kasuwa. Shi ya sa za ka ji mai jawabi ya nuna ginin siminti da rufin kwano ya ce ga gini mai ɗorewa, alhali ɗakin ba ya zaunuwa a watan Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki. In daɗewa ce ma'auni, ai babu abin da ya kai leda. Ka binne ta bana, jikanka ya tono ta tana nan yadda take. Amma ita ce hukumar birnin Njamena ta hana a 2010, Kamaru ma ta hana siririyarta daga 2014, dukansu da sunan kare muhalli.

Asalin maganar daga daji ta fito, kuma lissafi ne tsagwaronsa. A yankin Saksoniya na Jamus akwai garin Freiberg, inda aka daɗe ana haƙar azurfa. Ramukan haƙa suna buƙatar katako na tokare rufi, narka ƙarfe yana buƙatar gawayi, aka yi ta sara har itace ya fara wuya. Shugaban ma'adinan yankin, Hans Carl von Carlowitz, ya wallafa littafi a kan kula da daji a 1713, ya ce a riƙa sara daidai abin da daji zai iya mayarwa, a kuma shuka. Mutumin nan fa ba ɗan rajin kare tsuntsaye ba ne. Tsoronsa kada itace ya ƙare sana'ar azurfa ta tsaya. Duk ɗan kasuwar Marwa ya san wannan ƙa'ida ba tare da ya je Jamus ba: riba ake ci, ba a taɓa uwar kuɗi. Daji, ruwan ƙarƙashin ƙasa, takin gona, kifin kogin Logon, su ne uwar. Abin da suke haifarwa a shekara shi ne ribar. To ɗorewa tana tambaya ne a kan saurin ɗiba da saurin mayarwa, wanne ya fi.

A 1987 wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta Norwe ta jagoranta ta faɗaɗa maganar, ta ce a biya buƙatun mutanen yau ba tare da an tauye wa masu zuwa damar biyan nasu ba. Wannan ita ce ma'anar da malamai ke rubutawa a allo, ɗalibai su haddace don jarrabawa.

Sai mu zo harabar makaranta mu ga me ake yi da ita. Kusan ko'ina ɗorewa ta koma abu guda: ranar dashen itatuwa. Galibi ana haɗa ta da 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya. A kawo dashe a cikin baƙaƙen ledoji, a haƙa ramuka a jere, babban baƙo ya durƙusa ya tura ƙasa da hannu, a zuba masa ruwa da buta ya wanke, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. A faɗi adadin da aka dasa, a tafa.

Ba na ƙin dashe. Marwa da ake yabo da inuwa, darbejiyar da ke bakin titunanta wasu ne suka dasa suka yi ta wahala da ita. Amma a duba kalandar ƙasar nan. Farkon Yuni a yankin Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, damina ba ta zauna ba, ana iya yin ruwa ɗaya a ɗauke na kwanaki. Da ruwa ya zauna a Yuli da Agusta, yawancin ɗaliban da suka yi dashen sun tafi hutu. Zuwa Oktoba ruwa ya ɗauke. Daga nan ɗan itacen da bai kai gwiwa ba zai fuskanci hunturu, sannan zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga awakin unguwa masu shigowa ta duk inda katanga ta rushe, ga gara tana cin saiwa ta ƙasa. Je ka wurin a watan Mayu. Abin da za ka tarar a ramuka da yawa shi ne tsinke busasshe, da guntun ledar da aka yaga ranar biki tana maƙale a gindinsa. Shekara ta zagayo a sake dasawa a ramin nan dai, a sake ƙirga shi a matsayin sabon itace.

A ma'aunin Carlowitz wannan asara ce zalla. An ɗebi ruwa an reni dashe a lambu, an ƙona man mota, an buga riguna, ba a mayar da komai ba. Lambar da ta dace a faɗa a rediyo ita ce nawa suka rayu bayan bazara biyu. Ba a son faɗarta saboda ba ta da daɗin ji, kuma samo ta yana buƙatar wani ya ɗauki littafi ya bi rami-rami cikin rana. Shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, wanda Kamaru ta fara bayan farin shekarun 1970 ta kuma farfaɗo da shi a 2008, da Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin shingen itatuwa a faɗin Sahel da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, dukansu da wannan lamba ya kamata a auna su.

Akwai kuma abin da manoma suka sani wanda bai cika shiga shirin jami'a ba. Kututturen da ke cikin ƙasa da saiwarsa, in ya yi toho aka rage masa rassa aka kare shi, ya fi sabon dashe jure fari nesa ba kusa ba. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980, musamman gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su samu. Harabar da aka yanka daga tsohuwar gona ko daji ba ta rasa irin waɗannan kututture. Sai dai kare tohon aduwa ba ya yin kyau a hoto, ba kuma a gayyato gwamna don shi.

Ɓangaren farko na ma'anar Brundtland, buƙatun mutanen yau, shi ma ana tsallake shi. A ƙarshen 2008 gwamnatin Chadi ta hana gawayi don ceton itatuwa. Niyyar ba ta da laifi, amma gidaje kaɗan ne ke da tukunyar gas a lokacin. Itace ya yi tsada a Njamena, mata suka koma kashin shanu da ƙwallon goruba, har suka fito zanga-zanga a Janairun 2009. Haka in ƙungiyar ɗalibai ta matsa a hana masu abinci na bakin ƙofa girki da itace, ba ta tanadi ingantaccen murhu ko gas mai sauƙi ba, farashin shinkafa da wake ne zai tashi, kuma aljihun ɗalibin ne zai ji.

Wayar da kai a kan sauyin yanayi wani abu ne daban, ko da yake ana haɗa su a allo ɗaya. Lacca a kan ambaliyar da ta ci garin Yagwa na Kamaru da sassan Chadi a 2024 tana da amfaninta. Ilimi ce, ba ta ƙara ko digon ruwa a rijiyar burtsatsen makaranta.

Idan makaranta ta ce tana da tsarin ɗorewa, ni takarda ɗaya nake so a nuna mini, wato kasafin kuɗi. A ga layin albashin mai ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Yuni. A ga kuɗin shinge, ko na ƙaya ne. A ga wanda zai sauya baturan fitilun sola idan suka mutu, domin ba su kai farantin tsawon rai ba. A ga inda ruwan alwala na masallacin ɗalibai yake zuwa, ko gindin itace ko kwata. A ga kuma sunan ofishin da za a tambaya, tunda ɗaliban da suka kafa ƙungiyar shekara uku ce gare su su karɓi digiri su tafi.