Malamai, ga amsoshin tambayoyinku kan AI a aji, don Allah kada a sake turo mini su

Tun ƙarshen watan Nuwamba na 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basirar na'ura) mai amsa tambaya da yin rubutu, ban sake zama da malaman ƙaramar sakandare na tashi ba tare da an jefo mini tambayoyin nan ba. Su ne dai kullum, sai dai mai tambayar ya canza. Bakina ya gaji. Na tara su a nan, duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki wannan zan miƙa masa.

AI za ta raba mu da aikinmu?

A'a. Ta fara shiga aji mai yara arba'in 'yan shekara 12, ta sa su yi shiru na minti biyar, sannan mu yi magana.

Wace manhaja ce ta fi kyau?

Ta fi kyau wajen yin me? Malam, ka fara gaya mini abin da ɗalibanka suka kasa fahimta. In kusurwoyi da zanen lissafi ne, ga GeoGebra. In kimiyya ce kuma ba ku da ɗakin gwaje-gwaje, ga PhET na Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya karɓi kyautar Nobel. A nan yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta, ya ga hasken yana raguwa idan ya jera ƙwai na biyu. In koyon shirya manhaja ne, ga Scratch na jami'ar MIT ta Amurka, da aka yi domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Duk kyauta ne. Ka ɗauki ɗaya ka riƙe ta zango guda cur. Masu sauke manhaja bakwai a mako ɗaya ban taɓa ganin wanda ya iya ko guda a cikinsu ba.

Zan iya buɗe wa ɗalibaina asusun ChatGPT?

Ka karanta ƙa'idojin da ka danna ka ce ka amince da su? Sai mai shekara 13 zuwa sama, kuma wanda bai kai 18 ba sai da izinin iyaye. Hukumar UNESCO ma shekara 13 ta ba da shawara a jagorar da ta fitar a watan Satumba na 2023. Yaran ƙaramar sakandare kuwa galibi tsakanin 11 ne da 14. Wato wani ɓangare na ajinka bai kai ba. Kai ka buɗe naka, ka haska a majigi, ku yi aikin tare.

Me ya sa take shirga ƙarya?

Saboda aikinta hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, bisa ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da ita a kansu. Jimla mai daɗin karantawa za ta fito ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba, kuma da murya ɗaya take faɗin duka biyun. Ni kaina na taɓa sa ta shirya mini tambayoyin zaɓi guda goma kan ɓangarorin lamba, na buga na raba ban duba ba. A tambaya ta shida an ce wanne ne daidai da 0.5, sai ga 2/4 a zaɓi na biyu, ga 3/6 a zaɓi na huɗu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, guda biyu ne daidai." Ajin ya kwashe da dariya. Laifina ne, ba na na'ura ba. Duk abin da ta ba ka, ka bi shi layi-layi kafin ya isa hannun yaro.

Ɗalibi ya kawo insha'in da nake zargin AI ce ta rubuta. Na sa a manhajar tantancewa ta ce kashi 90 cikin 100 na'ura ce. In ba shi sifili?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowane yaro.

Da farko ka ajiye wannan kashi 90 ɗin gefe. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a watan Janairun 2023, ya janye ta a watan Yuli na shekarar saboda yawan kuskurenta. Su da suka ƙera abin ke nan. A shekarar dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajojin tantancewa guda bakwai. Rubutun 'yan aji 8 na Amurka sun gane shi kusan duka a matsayin na mutum. Amma da aka ba su insha'in masu rubuta jarrabawar TOEFL ta gwajin iya Ingilishi, waɗanda Ingilishi ba harshensu na gida ba ne, fiye da rabi suka ce na'ura ce ta rubuta. Dalili kuwa mai sauƙi ne: mai koyon harshe yakan riƙe kalmomin da ya saba da su da jimloli masu tsari iri ɗaya, abin da manhajojin ke ɗauka alamar na'ura ke nan. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe sashen gano rubutun AI na Turnitin, manhajar da take tura wa takardun ɗalibai domin tantancewa, a watan Agustan 2023, bayan ta yi lissafin cewa ko da kuskuren kashi 1 ne kacal, a cikin takardu 75,000 da ta tura a 2022 kimanin 750 za a iya ɗora musu laifin da ba su yi ba. Don haka lambar da ke kan allonka ba hujja ba ce. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Amma ba na cewa idonka ƙarya yake yi. Ka san yaron nan. Idan wanda jiya ba ya iya haɗa jimla uku ya kawo shafi biyu babu kuskure ko ɗaya, da kalmomin da ko kai sai ka duba ƙamus, akwai abin tambaya. Sai dai abin tambaya daban, hukunci daban. Wataƙila AI ce. Wataƙila yayarsa ce ta zauna da shi. Wataƙila ya rubuta da kansa sannan ya sa manhaja ta gyara nahawu, wanda kuma ya danganta da ko ka taɓa hana hakan a fili. Wataƙila kuma, ko da yake ba kasafai ba, batun ne ya burge shi ya dage.

Abin da nake yi shi ne in kira shi shi kaɗai, ba a gaban aji ba. Yaro ɗan shekara 13 da aka kunyata a gaban sa'o'insa zai iya rufe bakinsa har ƙarshen shekara, kuma ba darasinka kaɗai zai tsana ba. Ba na fara da "wa ya rubuta maka?" Sai in ajiye takardar tsakaninmu in ce ya ba ni labarin abin da ya rubuta. In sa yatsa kan wata kalma in ce me take nufi. In tambaye shi me ya sa ya fara da wannan hujja bai fara da waccan ba, kuma wane sashe ya fi ba shi wahala. Wanda ya yi aikin da kansa yakan amsa ta ƙarshen nan take, har da ƙorafi. Wanda bai yi ba sai ya tsura wa takardar ido kamar yau ya fara ganinta. In a Google Docs ya rubuta, tarihin gyare-gyare zai nuna ko rubutun ya taru a hankali ko faɗowa ya yi gaba ɗaya cikin minti guda. Ko wannan ma ka yi hattara, domin wani a takarda yake fara rubutawa, wani a wata manhajar, sannan ya kwafo.

To idan ya amsa, ko ya kasa bayanin komai fa? A nan ma ya danganta. Makarantarku tana da rubutacciyar doka kan wannan? In akwai, ka bi ta, ka sanar da shugaban makaranta da iyaye yadda aka tsara. In babu, kuma kai ma ba ka taɓa faɗa wa ajin abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, to da wace doka za ka kama shi? A karon farko ni nakan sa ya sake rubutawa a gabana, da biro, minti talatin, in ba shi makin abin da ya rubuta. Wasu abokan aikina suna ganin na yi sassauci da yawa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, musamman ga yaron da ya mayar da abin sana'a. A karo na biyu ni ma ba na sassautawa.

Sannan ka dubi jingar da ka bayar. "Rubuta insha'i kan muhimmancin ilimi" gayyata ce ga na'ura. Ka ce su rubuta sakin layi na farko a aji ka sa hannu a kai, su ƙarasa a gida, su miƙo duka biyun. Ko ka ɗaure tambayar da wani abu da ya faru a ajinku ranar Talata, wanda babu na'urar da ta halarta.

Ba gara a hana gaba ɗaya ba?

Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe ChatGPT a Janairun 2023, suka janye a watan Mayu. Wata huɗu. Ka hana a aji in darasin ya buƙaci haka, wannan ikonka ne. Abin da ke faruwa a wayar gida ba ya hannunka.

Zan iya zuba mata sunayen yara da makinsu ta rubuta mini rahoton ƙarshen zango?

Kul. Suna, hoto, maki, rashin lafiya, matsalar gida, babu wanda zai shiga. Amana ce aka ba ka. Ka ce "ɗalibi na ɗaya", ka cire duk abin da zai sa a gane shi. Kuma iyaye suna gane rahoton da ba malami ne ya rubuta ba, kada ka yaudari kanka.

To a ina take da amfani ke nan?

A teburinka, kafin ka shiga aji. Ka ba ta nassi ɗaya ka ce ta mayar da shi matakai uku, na mai karatu da sauri, na matsakaici, da na wanda har yanzu yake haɗa baƙi, domin a ƙaramar sakandare duk ukun suna zaune a benci ɗaya. Ka ce ta jero maka kurakuran da yara suka saba yi wajen tara ɓangarorin lamba, irin mai cewa 1/2 da 1/3 sun zama 2/5, ka gina tambayoyinka a kansu. Abin da na fi so kuwa shi ne in sa ta rubuta amsa, in haska wa aji, in ce su nemo inda ta kauce. Yaran wannan shekarun babu abin da suke so kamar kama babba da kuskure.

Ba mu da intanet a aji, yara ma ba su da na'ura.

Wannan ba tambaya ba ce, amma na ji. Ana sauke PhET a yi aiki da shi ba intanet. Kiwix na ajiye Wikipedia a kwamfuta. An yi Kolibri, manhajar darussa mai aiki ba intanet, musamman domin irin yanayinku. Da Plickers wayar malami kaɗai ake buƙata, yara katin takarda suke ɗagawa domin ba da amsa. Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar caji: Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyarwa a Amurka, ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai kimanin daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, kuma idan aka kai daƙiƙa uku amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ka ƙirga uku a zuci gobe ka gani.

Ni fa shekarata ashirin ina koyarwa, yaran nan sun fi ni iya waya. An bar ni a baya ko?

Malama, kwantar da hankalinki. Sun fi ki saurin yatsa, shi ke nan. Ba su san amsa mai kyau daga maras kyau ba, ke kuwa da kallo ɗaya kike ganewa, kuma wannan ne abin da aiki da AI ya fi buƙata. Ki zauna da ita rabin awa a ƙarshen mako, ki yi mata tambaya kan darasin da kika fi ƙwarewa a kai, ki ga inda take daidai da inda take zuba. In maɓalli ya ɓace miki, ki tambayi ɗalibi. Zai yi mako yana alfahari.

Za ka turo mini jerin umarnin da zan riƙa ba ta?

Ba zan turo ba. Ka gaya mata ajin da kake koyarwa, shekarun yaran, abin da suka riga suka sani, minti nawa kake da su, da abin da kake so su iya kafin a kaɗa ƙararrawa. In amsar ba ta yi ba, ka ce mata ba ta yi ba, ka faɗi dalili, ta sake.