Wai akwai dokar da ta hana baƙo kasa kaya a kasuwannin Najeriya?

Duk sanda rigimar 'yan Chana ta taso a Kantin Kwari sai ka ji wani ya ce ai doka ta hana baƙo sayar da kaya ɗaiɗai, iyakarsa ya kawo a sara a hannunsa. Ni ma haka na taso ina ji daga bakin iyayenmu, kuma ba ƙarya suka yi ba, an taɓa yin wannan dokar, mai haƙora ma kuwa. Matsalar ita ce an soke ta tun 1995, shekara talatin kenan fa, amma har yau da ita muke kafa hujja.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane dalilin yin ta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe, manyan kamfanonin Turawa ne suka riƙe wuyan ciniki, irin su John Holt da CFAO na Faransawa da UAC wadda aka haɗa a 1929. Su ke fitar da gyaɗa da auduga da fatu, su ke shigo da atamfa da gishiri da kananzir da kwanon rufi, bankunan ma nasu ne. A ƙarƙashinsu akwai Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, masu kantunan yadi, sannan can ƙasa namu mutanen. Ko Alhassan Dantata da duk dukiyarsa, gyaɗar da yake tarawa a hannun kamfanin Turawa take ƙarewa. Da aka samu 'yancin kai a 1960 tuta ta canza amma wannan tsarin yana nan daram, shi ya sa bayan yaƙin basasa, ga kuɗin man fetur sun fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce lokaci ya yi.

A 1972 aka fito da dokar soja ta mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, aka ba baƙi wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 1974. Jadawali biyu gare ta. Na farko sana'o'i 22 ne da aka ce baƙo ya cire hannunsa gaba ɗaya, a ciki akwai sayar da kaya ɗaiɗai, gidan burodi, wanki da guga, gyaran gashi, buga bulo, casar shinkafa, tasi da bas na cikin gari, jigilar kaya a mota, gidan silima, buga jarida. Wannan jadawalin ne iyayenmu ke tunawa. Na biyu sana'o'i 33 ne masu ɗan nauyi, irin su yin sabulu da fenti da ashana da lemon kwalba da gine-gine da manyan kantuna, nan an yarda baƙo ya zauna amma da sharaɗi biyu, jarinsa ya wuce naira 400,000 ko cinikinsa na shekara ya wuce naira miliyan 1, sannan ya sayar wa 'yan Najeriya kashi 40 cikin 100 na hannun jarin kamfanin. In bai kai wannan girman ba to shi ma ya sayar ya kama gabansa.

Akwai wani saƙo a cikin dokar da mutane ba su cika sani ba, kuma ni yana burge ni. An ce ɗan Afirka da ya fito daga ƙasar da ke cikin ƙungiyar haɗin kan Afirka, in yana zaune a nan yana kasuwancinsa, za a ɗauke shi kamar ɗan gida, matuƙar ƙasarsa ita ma tana barin 'yan Najeriya su yi kasuwanci a can. Ka tuna a 1969 ne gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawa da Yarbawa da yawa suka dawo da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka, ciwon bai warke ba lokacin da ake rubuta wannan doka.

To da aka zo aiwatarwa sai aka ga inda gizo ke saƙar. Hannun jari ai da kuɗi ake saye, su wa ke da kuɗin a 1974? Manyan 'yan kasuwa, manyan ma'aikatan gwamnati, hafsoshin soja, da wanda manajan banki ya san fuskarsa. Yawancin kamfanonin a Legas suke, kasuwar hannun jarin ma a Legas take, don haka mutanen can suka fi kwasa. Inyamurai kuwa sun fito daga yaƙi, fam 20 aka ba mutum a madadin abin da ya ajiye a banki da kuɗin Biyafara, da me zai sayi kamfani? A Arewa sai da gwamnatocin jihohi da kamfanin NNDC na Kaduna suka shiga suka saya da sunan jama'a, ba don haka ba da abin da zai zo mana bai taka kara ya karya ba. Ga kuma babbar ɓarakar, wato aron suna. Baƙo zai samu ɗan gari ya rubuta sunansa a takarda a matsayin mai kamfani ko shugaban daraktoci, a ba shi ofis da mota da ɗan abin wata, amma makullin sito da littafin banki da odar kaya daga waje duk suna hannun mai su na asali.

Da Murtala ya hau a 1975 aka kafa kwamitin bincike, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kamfanonin suka bi dokar yadda ya kamata. Shi ne gwamnatin Obasanjo ta sake sabuwa a 1977 mai jadawali uku, na farko 'yan ƙasa zalla, na biyu kashi 60 na 'yan ƙasa, na uku kashi 40, wato a wannan karon babu kamfanin da ya tsira komai girmansa. Aka kuma sa iyaka, mutum ɗaya kada ya wuce kashi 5 na kamfani ko hannun jarin naira 50,000, sannan a ware wa ma'aikatan kamfanin kashi 10 na abin da za a sayar.

Wannan na ƙarshen na gan shi da idona. Wani kawuna da ya yi aiki a wata masaƙa yana da satifiket ɗin hannun jarinsa a cikin akwatin ƙarfe, a naɗe a leda tare da takardar filinsa, kuma muna yara yakan tura mu gidan waya mu dubo ko takardar ribar shekara ta zo. Kuɗin ba su da yawa, amma yadda yake riƙe takardar nan kai ka san yana jin shi ma da shi a cikin masu kamfanin. Masaƙar ta rufe tuntuni, takardar na nan.

A wannan zamanin dokar kasuwanci da siyasar waje tafiya ɗaya suke yi. Najeriya na jin ƙarfinta, ga mai ga kuɗi, kuma ta ɗauki yaƙi da mulkin wariyar launin fata kamar nata. A 1976 da gwamnati ta ce sai an bar wa 'yan ƙasa kashi 60 na bankuna, Citibank na Amurka ya tattara ya tafi, ba wanda ya roƙe shi ya zauna. A 1978 gwamnati ta kwashe kuɗinta daga Barclays saboda hulɗarsa da Afirka ta Kudu, shi ne ya koma Union Bank a 1979, shekarar da Standard Bank ya zama First Bank. A ƙarshen Yulin 1979 kuma, ana jajibirin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka inda za a tattauna batun Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, Obasanjo ya ƙwace kadarorin BP, gidajen mansa ne suka koma AP da muka taso muna gani a bakin titi.

Sai farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, ƙasar da ke gindaya wa baƙi sharaɗi ta koma neman su. Babangida ya sassauta a 1989, ya ce ko sana'o'in da aka keɓe baƙo zai iya shiga in jarinsa ya kai naira miliyan 20. A 1995 Abacha ya soke dokar ɗungurungum, ya kafa hukumar jawo masu zuba jari ta NIPC, kuma dokar wannan hukuma ce ke aiki har yau. Abin da ta ce a taƙaice shi ne baƙo zai iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari, in ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ita NIPC ɗin. Abin da ta haramta kaɗan ne, ƙera makamai da harsasai, miyagun ƙwayoyi, kakin soja da na 'yan sanda da makamantansu, kuma wannan haramcin ya hau kan ɗan ƙasa da baƙo duka. Wasu fannonin suna da tasu dokar daban, kamar ta jigilar jiragen ruwa a cikin gida ta 2003, da kuma ta 2010 wadda ta fifita 'yan ƙasa a harkar mai, amma atamfa da shadda ba sa ciki.

Saboda haka in ka ga jami'an shige da fice sun kama baƙo a kasuwa, kamar yadda aka yi wa wasu 'yan Chana a Kantin Kwari a 2012, ta ƙofar takardu aka bi, wato izinin zama da izinin kasuwanci da gurbin aikin da aka ba kamfaninsa, ko aikin da yake yi shi ne wanda aka rubuta masa.

Ni ina tare da ɗan kasuwar da ke kuka, don ba adalci ba ne wanda ya saƙa kayan a ƙasarsa ya biyo su har layinka ya karya farashi. Amma in ana son a hana, majalisar tarayya ce za ta gyara dokar 1995, kuma duk gyaran da bai toshe aron suna ba za a maimaita 1974 ne, shago da sunan ɗan gari, kaya da riba na wani. Sannan a rubuta ta da lura, don Ghana ta yi irinta, dokarsu ta 2013 ta keɓe cinikin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa ya zo da dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki, kuma da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra duk da yarjejeniyar ECOWAS.