Sai an gani a hannu: ƙa'idar rubuta sakamakon koyo a horon sana'a

A tsarin horon sana'a da aka gina bisa ƙwarewa, ba a ba mutum takardar shaida don ya shekara biyu yana zuwa aji. Sai ya yi aikin a gaban mai tantancewa, aikin kuma ya kai mizanin da aka rubuta tun kafin a fara horon. Wannan rubutaccen bayani shi ne sakamakon koyo. Tsarin cancanta na Tarayyar Turai, wanda aka amince da shi a 2008 aka sabunta a 2017, ya bayyana shi da abin da mai koyo ya sani, ya fahimta, kuma yake iya yi idan ya kammala. Tsarin yana da matakai 8, ana auna kowanne ta fuska uku: ilimi, iya aiki, da nauyin da mutum zai iya ɗauka ba tare da wani na tsaye a kansa ba.

Ba daga kan malami ake ciro sakamakon koyo ba, daga wurin aikin ake samo shi. A hanyar da ake kira DACUM, wadda ta bunƙasa a Kanada, ana tara ƙwararrun ma'aikata kamar 5 zuwa 12 su zauna kwana biyu suna zayyana abin da suke yi da hannunsu, ana rubutawa a kati ana liƙawa a bango. Daga nan ake fitar da manyan ayyuka da ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Inda aka tsallake wannan zama, manhajar takan zama jerin abin da malamin ya fi jin daɗin koyarwa.

Tun 1962 Robert Mager, masanin hanyoyin koyarwa, ya kafa hujjar cewa jimlar sakamakon koyo tana buƙatar sassa uku: aikin da za a yi, yanayin da za a yi shi, da mizanin karɓa. A dubi wannan: "Ɗalibi zai fahimci ginin bulo." Wa ya taɓa ganin fahimta da ido? Masu tantancewa biyu za su duba yaro ɗaya, wannan ya ce ya ci, wancan ya ce ya faɗi, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Ga yadda za a gyara ta, a matsayin misali: idan an ba shi zane, bulo, kwaɓin siminti, igiya da ma'aunin miƙewa, zai gina bango mai tsawon mita 2 da tsayin mita 1 cikin awa 3, kaurin simintin da ke tsakanin bulo milimita 10, karkatar bangon ba ta wuce milimita 5 ba. Yanzu baƙon da bai taɓa ganin ɗalibin ba zai ɗora ma'auni a jikin bango ya yanke hukunci, ɗalibin ma ya san abin da ake nema a wurinsa. Alƙaluman kuwa ba ƙirƙiro su ake yi ba, daga ƙa'idar sana'ar ake ɗauko su.

Saboda haka ake guje wa kalmomi irin su sani, fahimta da lura, a koma ga waɗanda ido ke kamawa: auna, yanka, haɗa, gwada, gano matsala. Wasu sukan ɗauka an kori ilimin ƙwaƙwalwa ke nan. Ba haka ba ne. Ana tambayar magini dalilin da ya sa ba a jera gaɓoɓin bulo a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, amma tambayar tana rakiyar bangon ne, ba ta tsaya a madadinsa.

Kalmar aiki guda ake so a kowace jimla. Idan aka rubuta "zai kwance, ya gyara, ya mayar", sai ɗalibi ya kwance daidai, ya mayar daidai, gyaran ya ƙi. Ya ci ko bai ci ba? A raba su uku. Sai dai rabawar ma tana da iyaka: wanda ya mai da ɗaukar sukundireba sakamako mai zaman kansa zai tara ɗaruruwan jimloli, mai tantancewa ya koma buga alama a takarda yana mantawa da kallon aikin.

Matakan tsaro ba sa shiga lissafin maki. Mai gyaran wutar lantarki zai kashe makunni ya kulle shi, ya gwada abin gwajinsa a inda ya tabbata akwai wuta, ya gwada wayar da zai taɓa, sannan ya sake gwada abin gwajin, don kar ya zama ya mutu a tsakani yana nuna babu wuta alhali tana nan. Wanda ya tsallake ɗaya daga ciki bai wuce ba, komai kyan haɗin da ya yi daga baya. Shi ya sa hukuncin ba ya zuwa da kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Biyu ne: ya ƙware, ko bai ƙware ba tukuna. Wannan "tukuna" na nufin a gaya masa ainihin inda ya gaza, ya koma ya yi atisaye, a sake gwada shi a kan wannan sashe.

Ita kanta shaidar iya aikin da ake nuna wa mai tantancewa tana da sharuɗɗa. A Ostareliya huɗu ne a rubuce: ta dace da abin da ake aunawa, ta wadatar, ta zama aikin mutumin ne da kansa, kuma ta kwanan nan. Yin abu daidai sau ɗaya yana iya zama dace, don haka akan nemi a ga aikin fiye da sau ɗaya, a yanayi dabam-dabam. Da waɗannan sharuɗɗan ne kuma ake karɓar wanda ya koyi sana'a a wurin aiki bai taɓa zama a aji ba: tunda jimlar ba ta ambaci inda aka koya ko tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ana miƙa masa zane da bulo, a sa masa agogo kamar kowa.