Zaizayewar mahaɗan madannin bum a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Madannin bum, wanda Amurkawa ke kira bang, mutanen Ingila kuma kika, na'ura ce da ke janyo bum ƙasa a jirgin ruwa mai tafiya da iska. Bum shi ne sandar da ke kwance a ƙasan babban filafili, wato ƙyallen da ke tare iska. Madannin yana tashi a karkace daga gindin jigon jirgi, wato dogon sandan da ke tsaye riƙe da filafili, zuwa ƙasan bum. Aikinsa shi ne hana bum ɗagawa, don kada gefen filafili na baya ya murɗe ya zubar da iska. Akwai na igiya da fuli, akwai na sanda mai sifirin ko gas a ciki, akwai kuma na haidirolik a manyan jirage. Ko wanne iri ne, ɓarna ta fi faruwa a mahaɗansa biyu: na jikin jigo da na jikin bum.

Nauyin da mahaɗan ke ɗauka

Karkatar madannin ce ke sa mahaɗan wahala. Idan kwanar da ke tsakaninsa da bum digiri 30 ce, aka ja shi da ƙarfin kilo 500, kilo 250 kacal ne ke danna bum ƙasa. Kimanin kilo 433 kuwa na tura bum ne cikin gaɓar da ta haɗa shi da jigo. Ƙaramin jirgin tsere Laser, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, wanda kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996, misali ne mai kyau. Madanninsa na asali yana ninka jan hannu sau 3, na zamani kuwa har sau 15, ana kuma zura bututun ƙarfafawa a cikin bum ɗinsa daidai wurin mahaɗin.

Abubuwan da ke cin mahaɗi

Na farko shi ne sako-sako. Fil ɗin da bai cika raminsa ba yana bugun gefen ramin duk lokacin da bum ya kaɗa, musamman idan iska ta yi ƙasa amma teku na tangaɗi, ko jirgi na ɗaure a tasha an bar bum na lilo. Sannu a hankali ramin da yake zagaye sai ya koma siffar ƙwai, kuma duk yadda ya ƙara faɗi haka bugun ke ƙara ƙarfi. Da yake alminiyam ya fi sitenlas, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, taushi, shi ne ke fara cinyewa.

Na biyu ya fi ɓoyewa. Yawancin jigo da bum na alminiyam ne, mahaɗai da kusoshi kuma na sitenlas samfurin 316. Idan ruwan gishiri ya shiga tsakanin ƙarafan biyu, sai su zama kamar batir, alminiyam ya riƙa narkewa. Alamarsa farin gari a kewayen ribit, wato ƙusar da ake dannewa ta riƙe mahaɗi a jikin bum ko jigo, ko fenti ya kumbura. Garin ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cika wuri, don haka yakan maƙure kusa har ta ƙi kwantuwa. Shi ma sitenlas ba ya tsira: inda ruwa ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga, yakan rarake ta ciki alhali samansa na ƙyalli.

Sai kuma bugu na farat ɗaya, kamar bum ya tsallaka ɗaya gefen ba shiri, ko bakinsa ya nutse a ruwa madanni na ɗaure tam. A irin wannan hali bum yakan karye daidai kan ramukan ribit.

Rigakafi

Abu mafi sauƙi, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne wanke mahaɗan da ruwan daɗi bayan fita teku, da ɗaure bum kada ya yi lilo idan an ajiye jirgi. Wajen ɗaura mahaɗi ana raba ƙarafan biyu da siririyar roba, a shafa wa kusoshi man hana tsatsa irin su Duralac ko Tef-Gel, ko lanolin da ake samu daga gashin tumaki. Washa ta roba mai tauri tana cike giɓin gefen fil. Ya kamata kuma majuyar madanni ta kasance daidai ƙarƙashin gaɓar bum a layi ɗaya. In ba haka ba, madannin zai riƙa ɗaurewa da sakewa da kansa duk lokacin da bum ya juya. Wasu masu jirage sun koma zagaya bum da maɗaurin Dyneema, wata igiyar roba mai ƙarfi sosai, maimakon huda shi, sai dai igiyar na buƙatar dubawa saboda guga da rana.

Gyara

Ramin da ya faɗaɗa kaɗan ana sake huda shi ya dawo zagaye, a sa bushin, wato zoben da ke cike tsakanin fil da raminsa, na roba mai tauri, ko a nemi fil mafi kauri, muddin naman ƙarfen da ya rage a gefe ya isa. Bushin tagulla ya dace da sitenlas amma yana cin alminiyam a ruwan gishiri. Ribit da ya saki ana huda kansa a cire, a maye gurbinsa da na monel, wani gamin ƙarfe mai jure ruwan gishiri, galibi mai kaurin milimita 4.8 ko 6.4, a kuma fitar da guntun ƙusar da ke maƙale a cikinsa don kada ya yi tsatsa. Tiredin ramin kusa da ya cinye ana gyara shi da Helicoil, wata naɗaɗɗiyar waya da ake murɗawa cikin ramin ta zama sabon tiredi. Idan jikin bum ya riga ya ruɓe a wurin, ƙara girman ribit aikin banza ne. Sai a sa faranti ko bututu ta ciki, a watsa nauyin kan sabbin ramuka masu tazara.

Walda ita ce gyaran da ya fi yaudara. Alminiyam irin 6061-T6, wanda ake yawan yin bum da shi, yana samun ƙarfinsa ne daga gashin wuta da aka yi masa a masana'anta, zafin walda kuwa yana warware wannan ƙarfi a kewayen ɗinkin. Mahaɗin sitenlas da ya tsage ko ya lanƙwashe, canja shi ake yi. Idan ana shakkar tsagar da ido ba ya gani, ana fesa jan rini mai ratsa tsaga, a goge, sannan a fesa farar hoda wadda za ta janyo rinin waje ta nuna layin.