Ma'aunin Ruwan Sama Mai Auna Nauyi

Ma'aunin ruwan sama mai auna nauyi na'ura ce da tashoshin lura da yanayi ke amfani da ita don sanin yawan abin da ya sauko daga sama, ta hanyar auna nauyin ruwan da ya taru a cikin bokiti maimakon duba zurfinsa. Lissafin a bayyane yake: milimita 1 na ruwa a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, nauyinta kilo ɗaya. Saboda haka, idan bakin ma'aunin yana da faɗin murabba'in santimita 200, kowace ƙarin giram 20 a cikin bokitin tana nufin an samu milimita 1.

A tsofaffin ma'aunai, bokitin yana zaune a kan sikeli, yayin da alƙalami ke zana layi a kan takardar da aka naɗe a jikin wani ganga mai juyawa da agogo. Na zamani sun rabu da takarda. Wasu, kamar OTT Pluvio² na Jamus, suna ɗauke da ƙarfe mai jin nauyi da ke aika sakamako da lantarki. Wasu kuma, kamar Geonor T-200B na Norway, suna rataye bokitin a jikin siraran wayoyi da ake sa su rawa. Yadda tsirkiyar garaya ke ƙara siririn amo idan an ɗaure ta tamau, haka rawar wayar ke ƙara sauri yayin da bokitin ke yin nauyi, kuma daga wannan saurin kwamfuta ke fitar da adadin ruwan. Hukumar NOAA mai kula da yanayi da tekuna ta Amurka ta zaɓi wannan ƙirar, da wayoyi uku, ga tashoshinta na nazarin sauyin yanayi, domin idan waya ɗaya ta kauce a gane ta daga sauran biyun.

Fifikon ma'auni mai auna nauyi a kan ma'auni mai 'yan kofuna masu kifewa (wanda ke ƙirga ruwa da yawan lokutan da ƙaramin kofi ya cika ya kife) ya fi fitowa a lokacin ruwa kamar da bakin ƙwarya, inda kofin ke barin ruwa ya wuce yayin da yake juyawa, har a samu adadi ƙasa da gaskiya. Sikeli kuwa bai damu da siffar abin da ya faɗo ba, ko ruwa ne, ko ƙanƙara, ko dusar ƙanƙara. Wannan ya sa ya zama ginshiƙi a gwajin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta gudanar tsakanin 2012 da 2015 kan auna dusar ƙanƙara.

Sai dai abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ke jawo masa matsala, domin duk abin da ke da nauyi zai shiga lissafi: ganye, ƙwari, kashin tsuntsu, da ƙurar hunturu a ƙasashen Sahel. Iska ma tana kaɗa bokitin, kuma tana kautar da ɗigon ruwa daga bakinsa, shi ya sa ake kewaye shi da garkuwar faifan ƙarfe masu lilo da masanin yanayi ɗan Amurka J. Cecil Alter ya ƙirƙiro a 1937. Ana zuba ɗan mai a saman ruwan don kada rana ta ƙafar da shi, a ƙasashen sanyi kuma a haɗa da sinadarin hana daskarewa. Dole ne ma'aikaci ya riƙa zuwa yana zubar da bokitin kafin ya cika, wanda a T-200B na asali yake ɗaukar milimita 600.