Hujewar hanji ga dattijo mai ciwon kumburin hanji: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ciwon kumburin hanji?

Garkuwar jiki ce take juyowa kan hanji, ta yi ta cin sa har ya yi gyambo. Iri biyu ne. Cutar Crohn, mai ɗauke da sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta a New York a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji. Ɗayar kuwa gyambon babban hanji ne, a nan kaɗai take tsayawa. Duka biyun sun fi kama matasa, amma kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon sai bayan shekara 60 ake gano shi.

Yaya hanjin yake hujewa?

Ko dai gyambon ya yi zurfi har ya ɓulle, ko babban hanji ya kumbura ya wuce santimita 6, bangonsa ya yi siriri ya yage. Daga nan bayan gida da ƙwayoyin cuta su zuba cikin ciki, guba ta shiga jini.

Me ya sa ya fi haɗari ga tsofaffi?

Domin sau da yawa yakan zo musu a ɓoye. Saurayi idan hanjinsa ya huje, ciki yakan yi tauri kamar katako, ya kasa ko motsi. Dattijo kuwa wani lokaci ba zazzaɓi, ba ihu. Sai dai ya rikice, ya ƙi abinci, bugun zuciya ya ƙaru, fitsari ya ragu, 'yan gida su ce ai jikin tsufa ne. Idan yana shan prednisolone, maganin da ake bayarwa don kwantar da wannan ciwo, yakan ƙara danne alamun. Ga kuma diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon gwiwa, suna tayar da ciwon. Maganin tsayar da gudawa irin loperamide ma yana iya jawo wancan kumburar babban hanji mai sa shi yagewa idan ciwo ya tashi.

Ba taifot ko atini ba ne?

Zai yiwu. A ƙasar Hausa taifot na cikin manyan masu huda hanji, atini da tarin fuka na hanji kuma suna kama da wannan ciwo. Amma idan gudawa da jini ta yi makonni tana dawowa bayan magani, ya kamata a duba hanjin.

Me ake yi a asibiti?

Hoton ƙirji a tsaye yakan nuna iskar da ta fita daga hanji a ƙasan huhu, hoton CT ya fi tabbatarwa. A hana ci da sha, a sa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan tiyata. Galibi ana yanke wurin da ya lalace, a fito da bakin hanji ta gefen ciki a manna jakar da za ta riƙa tara bayan gida. Ga wasu ta wucin gadi ce, bayan watanni a mayar da hanjin.